JANAR MURTALA MUHAMMAD DA YAƘIN BASASAR NAJERIYA

Darasin tarihi

1. Daga Arlit zuwa Kano

Wanda ya hau mota daga Arlit ya nufi kudu zai bi ta Agadas, ya wuce Tanut, ya isa Damagaram. Daga nan sai Matamai, sai iyaka, sai Daura, sai Kano. Wannan hanya ta girmi garin Arlit nesa ba kusa ba. Tun zamanin kaka da kakanni ayarin Abzinawa ke gangarawa kudu da raƙuma. Suna kai gishirin Bilma da dabino, suna komowa da hatsi da turkudi. Har yau akwai unguwa cikin birnin Kano da ake kira Agadasawa.

Masu zuwa fatauci Kano sukan komo da kuɗin Najeriya cikin aljihu. A jikin takardar naira 20 akwai hoton wani mutum sanye da kakin soja. Shi ne Janar Murtala Muhammad. A Kano ana kiransa gwarzo. Amma a Asaba, wani gari na bakin kogin Kwara, akwai gidajen da ba su manta da abin da sojojinsa suka yi musu ba. Mai son sanin tarihi sai ya saurari mutanen Kano, ya kuma saurari mutanen Asaba.

2. Ƙuruciya da karatu

An haifi Murtala a birnin Kano ran 8 ga Nuwamba 1938. A lokacin Najeriya tana hannun Turawan Ingila, Nijar kuma tana hannun Faransa. Ya yi karatun allo kamar sauran yaran unguwarsu. Ya yi makarantar boko a Cikin Gida da Gidan Makama, ya shiga Midil ta Kano. A 1952 ya tafi babbar makarantar Zariya, wadda ake kira Barewa, ya gama a 1957.

A 1958 ya shiga soja. An fara horar da shi a ƙasar Gana, sa'an nan aka aika da shi Sandhurst, makarantar hafsoshi ta Ingila. Ya fito da muƙamin ƙaramin laftanan a 1961. Aka sa shi sashen sadarwa, wato masu kula da wayar iska, waɗanda ke isar da umurni daga manya zuwa bakin daga. Ba a daɗe ba aka tura shi Kwango cikin sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya masu tsaron zaman lafiya. Ya komo gida a 1962. A 1964 ya zama manjo, muƙamin da sojan Nijar ke kira kwamandan.

Tun daga wannan lokaci abokan aikinsa suka san halinsa. Ba shi da tsoro, ba ya ɓoye abin da ke zuciyarsa ko gaban wa. Amma yana da zafin rai, kuma in ya ƙudura abu, da wuya a juya shi.

3. Shekarar 1966

Najeriya ta sami mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960, wata biyu bayan Nijar. Ƙasa ce babba mai ƙabilu da yawa. Hausawa da Fulani da Barebari sun fi yawa a Arewa, Yarabawa a Yamma, Ibo a Gabas. Kowane yanki yana da gwamnatinsa, kowane kuma yana tsoron kada wani ya danne shi.

Ran 15 ga Janairu 1966 wasu ƙananan hafsoshi suka yi yunƙurin juyin mulki. Suka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, da Akintola shugaban gwamnatin Yamma, da manyan sojojin Arewa irin su Birgediya Zakariya Maimalari. Yawancin hafsoshin da suka shirya abin Ibo ne. Janar Ironsi, wanda ya karɓi mulki bayan haka, shi ma Ibo ne. Ba a hukunta masu kisan ba. Sai zukatan sojojin Arewa suka ƙuna.

Murtala, wanda ya riga ya zama laftanan-kanar, yana cikin shugabannin ramuwar gayya. Ran 29 ga Yuli 1966 sojojin Arewa suka tashi. Aka kashe Ironsi a Ibadan, aka kashe hafsoshi da ƙananan sojoji Ibo masu yawa cikin barikoki. A ranakun nan Murtala ba ya son komai sai «a raba», wato Arewa ta ware ta zama ƙasa mai zaman kanta. Manyan ma'aikatan gwamnati da jakadun Ingila da Amurka suka yi ta ba da baki. Suka nuna cewa Arewa ba ta da teku, kuma rabuwa ba za ta amfani kowa ba. A ƙarshe aka fasa, aka naɗa Laftanan-kanar Yakubu Gowon shugaban ƙasa.

Wutar ba ta tsaya cikin bariki ba. A watannin Satumba da Oktoba aka kashe dubban Ibo farar hula a garuruwan Arewa: ƴan kasuwa, da ma'aikatan jirgin ƙasa, da mata, da yara. Waɗanda suka tsira suka gudu Gabas, suka bar gidajensu da shagunansu. Ran 30 ga Mayu 1967 gwamnan Gabas, Laftanan-kanar Ojukwu, ya yi shelar cewa yankinsa ya fita daga Najeriya, ya zama ƙasar Biyafara. Ran 6 ga Yuli aka fara harbi. Murtala, wanda bara ya nemi a raba, bana sai ga shi cikin masu yaƙin hana rabuwa.

4. Runduna ta biyu

Da farko gwamnatin Ikko ta zaci abin na ƴan makonni ne. Amma ran 9 ga Agusta 1967 sojojin Biyafara suka ƙetare gadar Kwara, suka kama birnin Benin, suka ci gaba har garin Ore, kan hanyar Ikko. Babban birnin ƙasa ya shiga haɗari, kuma babu rundunar da za ta tare su, don yawancin sojoji suna wani fagen.

Aka ba Murtala umurni ya kafa sabuwar runduna, wato runduna ta biyu. Nan ne zafinsa ya yi rana. Bai jira komai ba. Ya tattara duk wanda ya samu: magatakarda, da kukuna, da tsofaffin sojoji, da sababbin shiga waɗanda ba su gama koyon riƙe bindiga ba. Ya karɓe motocin ƴan kasuwa ya ɗora su. Ya tare abokan gaba a Ore, ya tura su baya. Ran 20 ga Satumba ya ƙwato Benin. A farkon Oktoba ya kai bakin kogi. Cikin wata biyu ya kore su daga dukkan ƙasar da suka ci a yammacin Kwara. Sunansa ya cika rediyo da jaridu.

Amma sojan da aka tara cikin gaggawa ba shi da horo, wanda ba shi da horo kuwa ba ya bambanta abokin gaba da mai gida.

5. Asaba

Asaba gari ne a yammacin kogin Kwara. Mutanensa suna jin harshen Ibo, amma garin ba ya cikin Biyafara. Da sojojin runduna ta biyu suka shiga, sai suka zargi mutanen gari da taimakon abokan gaba. Suka shiga bin gida gida.

Ran 7 ga Oktoba 1967 dattawan gari suka tara jama'a don su nuna goyon bayansu ga Najeriya ɗaya. Mutane suka fito da fararen tufafinsu na biki, suna kiɗa suna rawa. Da suka isa wani fili, sai sojoji suka ware maza da samari gefe guda, suka buɗe musu wuta. Ɗaruruwan mutane suka mutu a wannan rana da kwanakin da ke kewaye da ita. Aka binne da yawa cikin manyan ramuka.

Dokar yaƙi ta hana taɓa wanda bai ɗauki makami ba. Addini ma ya hana. Gwamnatin Gowon da kanta ta rarraba wa sojoji takarda mai wannan gargaɗi. Waɗanda suka yi harbin sojojin runduna ta biyu ne, Murtala kuwa shi ne shugabanta. A aikin soja, shugaba yana ɗaukar nauyin abin da na ƙarƙashinsa suka aikata. Wannan tabo ne da ya zauna a kan sunansa.

6. Ƙetaren Kwara

Ku dubi taswira. Kogin da ya ratsa Yamai ya wuce Gaya, shi ne ya shiga Najeriya ya gangara teku. A Asaba faɗinsa ya fi kilomita guda. A ɗaya gaɓar akwai Anaca, birni mai babbar kasuwa, wanda ke hannun Biyafara. Sojojin Biyafara sun karya gada bayan da suka ƙetare.

Manyan hafsoshi na Ikko suka ba Murtala shawara. Suka ce ya hau arewa har garin Ida, inda gaɓa biyu duk suna hannun gwamnati, ya ƙetare cikin kwanciyar hankali, sa'an nan ya sauko wa Anaca ta tudu. Hanyar tana da nisa amma ba ta da haɗari. Wasu daga cikin hafsoshinsa ma suka faɗa masa haka. Murtala ya ƙi. Yana ganin Anaca da idonsa, ba ya son zagaye.

A watan Oktoba 1967 ya zuba sojoji cikin jiragen fito. Na farko suka sauka, suka shiga gari. Maimakon su kama wuraren tsaro, da yawa suka shagala da kwasar ganima a kasuwa. Sojojin Biyafara suka komo musu, gudunmawa kuma ba ta iso ba. Wasu aka harbe, wasu aka kama, wasu suka faɗa ruwa suka nutse, don yawancinsu ba su iya iyo ba. Murtala ya sake gwadawa karo na biyu, ya sake na uku. Kowane karo igwa da bindigogi na jiransu a gaɓa, jirgi kuwa a tsakiyar ruwa ba shi da wurin ɓuya.

Bayan hasara uku, sai ya bi shawarar da ya ƙi tun farko. Ya ƙetare a Ida, ya sauko ta tudu yana yaƙi gari gari. Ya ci Anaca a watan Maris 1968, wata biyar bayan ƙetaren farko. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Wata masifa na nan tafe. Ran 31 ga Maris 1968 wani dogon jerin motoci, wajen ɗari, ya taso ɗauke da abinci da harsashi da man fetur na rundunar. Motocin suna tafiya bumbutu a kan ƙaramar hanya, kusa da juna. A garin Abagana sojojin Biyafara suka yi musu kwanton ɓauna. Harbi ya faɗa kan motar mai, ta kama wuta, wutar ta bi jerin tana tashin harsasai. Kusan dukkan motocin suka ƙone tare da mutanen ciki.

Ƴan watanni bayan haka Murtala ya bar bakin daga. Aka naɗa Kanar Ibrahim Haruna a madadinsa, shi kuma ya koma aikinsa na sadarwa a Ikko.

7. Nijar a lokacin yaƙin

Iyakar Nijar da Najeriya ta kai kilomita wajen 1500. A wancan zamani gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta jirgin ƙasan Najeriya take bi zuwa teku. Iyalai da yawa rabinsu na nan, rabinsu na can. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Gwamnatin Faransa ta Janar Dagol ta karkata ga Biyafara, makamai suna isa can ta Gabon da Kodibuwar. Shugaba Diori Hamani kuwa ya tsaya bayan Najeriya ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A shekarar 1968 ɗin aka kafa kamfanin SOMAIR tare da Faransa don haƙar ƙarfen uraniyom. A 1969 aka fara gina garin Arlit a cikin hamada, a 1971 aka fitar da uraniyom na farko. Wato a lokacin da Nijar ke bukatar kuɗi da injiniyoyin Faransa a Abzin, a lokacin ne ta saɓa wa Faransa a kan maƙwabciyarta. Nijar ma ƙasa ce mai ƙabilu da yawa, ta san haɗarin rabuwa.

Diori yana cikin shugabanni 6 da Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta ɗora wa aikin sulhu, a ƙarƙashin Sarkin Habasha Haile Selassie. A watan Yuli 1968 suka zauna a Yamai. Gowon ya zo, bayansa Ojukwu ma ya zo. Aka tattauna yadda za a kai abinci ga masu yunwa, amma ba a daidaita ba.

Yaƙi ya ci gaba. An toshe wa Biyafara hanyoyin teku da na tudu, abinci ya ƙare. Masana tarihi da yawa sun ƙiyasta cewa mutum miliyan guda ko fiye suka mutu, yawancinsu yara ne da yunwa ta kashe. Ran 15 ga Janairu 1970, bayan wata 30, Biyafara ta ajiye makamai. Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, ya hana ramuwa.

8. Kwana ɗari biyu

Murtala ya zama birgediya a 1971, ya zama ministan sadarwa a 1974. Ran 29 ga Yuli 1975, Gowon yana taro a Kampala ta ƙasar Uganda, sai wasu hafsoshi suka kawar da shi ba tare da zub da jini ba. Suka ba Murtala shugabancin ƙasa, Birgediya Obasanjo yana mataimakinsa. A Nijar a lokacin Seyni Kountché ne ke mulki.

Ya sami ƙasa mai kuɗin man fetur amma cike da sakaci da cin hanci. Jiragen ruwa ɗaruruwa ɗauke da siminti sun toshe tashar Ikko. Murtala ya kama aiki da irin zafin da ya kafa runduna ta biyu. Kusan kowane umurni nasa yana ƙarewa da kalmar «nan take». Ya sauke gwamnonin jihohi duka. Ya kori ma'aikata fiye da dubu 10. Ya tsai da ranar mayar da mulki ga farar hula, 1 ga Oktoba 1979. Ran 3 ga Fabrairu 1976 ya ƙara jihohi daga 12 zuwa 19, ya kuma yanke cewa za a gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa, wanda ba na wata babbar ƙabila ba. Shi ne Abuja, inda gwamnati ta ƙaura a 1991.

A waje ya goyi bayan ƙasashen Afirka masu neman ƴanci. Ya amince da gwamnatin MPLA ta Angola ko da yake Amurka ba ta so. A watan Janairu 1976, a taron Addis Ababa, ya gaya wa manyan ƙasashe cewa Afirka ta girma, ba ta bukatar a zaɓa mata abokai. A watan nan ne ya zama cikakken janar.

Talakawa suka ƙaunace shi, ma'aikata suka dinga zuwa ofis kan lokaci. Amma gaggawar nan ba ta bar shi ba. Cikin waɗanda aka kora akwai ɓarayi, akwai kuma masu gaskiya waɗanda ba a saurare su ba, aka sallame su ta rediyo bayan shekaru suna bauta wa ƙasa.

9. Ranar Juma'a

Murtala ba ya son jiniya da jerin motocin rakiya. Yakan tafi ofis cikin baƙar motarsa, daga shi sai direba da dogarai biyu. Da safiyar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976 motar ta tsaya cikin cunkoso a unguwar Ikoyi ta Ikko. Wasu sojoji ƴan juyin mulki, mutanen Laftanan-kanar Dimka, suka fito suka buɗe mata wuta. Nan take ya cika. Yana da shekara 37, ya yi mulki kwana wajen 200. Juyin mulkin bai yi nasara ba.

Aka kai shi Kano aka binne. Obasanjo ya gaje shi, ya cika alkawarinsa, ya miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari ran 1 ga Oktoba 1979. Aka sa wa filin jirgin saman Ikko sunan Murtala, motarsa kuma aka ajiye ta a gidan tarihi da ramukan harsashi a jikinta.

10. Abin lura

Hali guda ne ya bi Murtala tun daga farko har ƙarshe. Zafinsa ya ceci Ikko a Ore, zafin nan kuma ya nutsar da sojojinsa a Kwara. Jarumtaka tana bukatar kunnen jin shawara. Wanda aka ba shugabanci, rayukan mutane aka ba shi amana: na sojojinsa, da na farar hular da ya tarar a gidajensu.

Ƙasar Abzin ma ta san zafin faɗa tsakanin ƴan ƙasa ɗaya. An yi shi daga 1990 zuwa 1995, an sake yi daga 2007 zuwa 2009. Hanyoyi sun rufe, makiyaya sun bar rijiyoyinsu, iyalai sun gudo Arlit da Agadas. Ran 24 ga Afrilu 1995 aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya, ran 25 ga Satumba 2000 kuma aka ƙone bindigogi a bainar jama'a a Agadas. Duk sau biyun, zama a kan tabarma ne ya kashe wutar. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Ma'anar kalmomi

Yaƙin basasa: yaƙi tsakanin mutanen ƙasa ɗaya.
Hafsa: soja mai muƙami, daga laftanan zuwa janar.
Runduna: babban taron sojoji, dubbai, ƙarƙashin shugaba guda.
Farar hula: mutumin da ba soja ba.
Bakin daga: wurin da ake gwabza yaƙi.
Jirgin fito: jirgin ruwa mai ƙetarar da mutane da kaya.
Kwanton ɓauna: ɓuya a bakin hanya don a auka wa abokin gaba ba zato.
Ganima: kayan da aka kwasa wurin yaƙi.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Murtala, a wace shekara?
2. Me ya faru ran 15 ga Janairu 1966? Me ya faru ran 29 ga Yuli?
3. Me ake nufi da «a raba»? Don me aka fasa?
4. Su wane ne Murtala ya tara cikin runduna ta biyu?
5. Me ya sami mutanen Asaba? Wa ke ɗaukar nauyin laifin soja?
6. Wace shawara aka ba Murtala kan ƙetaren Kwara? Me ƙin ta ya jawo?
7. Wane ɓangare Nijar ta goya wa baya? Me ya sa wannan ya zama abu mai wuya?
8. Ku faɗi ayyuka uku da Murtala ya yi cikin kwana 200.

Aiki

a) Ku zana kogin Kwara cikin littafinku. Ku sa Yamai, da Gaya, da Ida, da Asaba, da Anaca.
b) Ku ja layi daga 1966 zuwa 1976. A sama ku rubuta abubuwan da suka faru a Najeriya, a ƙasa ku rubuta waɗanda suka faru a Arlit da Yamai.
c) Lissafi: an haifi Murtala a 1938. Shekarunsa nawa lokacin da ya ƙwato Benin?
d) Ku fassara wannan jimla da Faransanci: «Yaƙin ya fara a 1967, ya ƙare a 1970.»
e) Ku tambayi wani dattijo ko dattijuwa a unguwarku yadda aka yi bikin ƙone bindigogi a Agadas. Ku rubuta layi 10 kan abin da kuka ji, ku karanta wa ƴan aji.